Yaɗa Furen Wardi ta Hanyar Dasa Reshe da Auren Ido: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa noman rogo ya san ba a zuwa kasuwar hatsi neman irinsa. Kara ake sarewa a soka a kunya, ya yi saiwa ya tashi. Wanda kuma ya taɓa tsayawa wurin masu renon mangwaro ko lemo ya ga yadda ake ɗauko kai daga bishiya mai daɗin 'ya'ya a ɗaura wa gindin da ya tsiro daga ƙwallo, abin da muke kira aure. To, yaɗa furen wardi bai wuce waɗannan hanyoyi biyu ba. Abin da ya sa ake ganin wuyarsa shi ne reshen wardi ba shi da haƙurin karan rogo. In ya sha iska ya bushe, in ƙasa ta cika jiƙa ya ruɓe. Yawancin asarar da nake gani daga ruwa take, ko daga lokaci, ko daga dakusasshiyar wuƙa, ba daga rashin wani magani na musamman ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Me zai hana in shuka ƙwayar wardi kawai, kamar yadda ake shuka kuɓewa?

Ba abin da zai hana, sai dai abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Wardin lambu na yau ya haɗa kakanni da yawa, na ƙasar Sin da na Farisa da na Turai, an yi ta barbara a tsakaninsu tun kafin 1867, shekarar da aka fitar da La France a Faransa, wanda ake ɗauka shi ne farkon wardin zamani. Shi ya sa ƙwayar da ka ciro daga jan wardi mai cika da ƙamshi za ta iya ba ka ɗan farin fure maras ƙamshi. Albasa ba ta yi halin ruwa ba ke nan. Ga shi kuma ƙwayar ba ta cika tsirowa ba sai ta yi wata biyu zuwa uku a jiƙe cikin sanyin firiji.

Masu tallar irin wardi shuɗi ko mai launin bakan gizo a intanet kuwa, kuɗinka suke so. Wardi ba shi da sinadarin da ke sa fure ya yi shuɗi. Ko wanda kamfanin Suntory na Japan ya fitar a 2009, bayan an taɓa masa ƙwayoyin halitta, shunayya ne mai haske.

Reshe da ido, wato ɗan ƙullin da sabon toho ke fitowa daga gare shi, su ne jikin uwar kanta. Akwai wani wardi rawaya mai ɗan ja-ja a baki da Francis Meilland ya samar a Faransa a 1935. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu aka aika da rassansa masu ido zuwa Jamus da Italiya da Turkiyya da Amurka. A Jamus aka sa masa Gloria Dei, a Italiya Gioia, a Amurka kuma aka raɗa masa Peace ran 29 ga Afrilu 1945. Duk inda ka gan shi a duniya yau, daga wannan tushe ɗaya ya fito, ido bayan ido.

Tsakanin dasa reshe da aure, wanne ya fi?

Ya danganta da abin da kake nema. Wardin da ya tashi daga reshe jiki ɗaya ne tun daga saiwa har fure. In akuya ta cinye shi ko wuta ta lashe samansa, abin da zai toho daga ƙasa shi ne dai wardinka. A garin Hildesheim na Jamus akwai wani tsohon wardin daji a jikin bangon coci wanda ruwan bama-bamai na Maris 1945 ya ƙone shi, amma saiwarsa ta sake fitar da toho, yana nan har yanzu.

Aure kuma yana da fa'ida uku. Reshe mai ido biyar, in ka dasa shi shuka ɗaya ce, in ka yi aure da shi shuka biyar ce. Na biyu, akwai nau'o'i masu manyan furanni da ke da ragwancin fitar da saiwa, ko su fitar amma su zauna ba ƙarfi. Na uku, gindin kirki yana jure tsutsar ƙasa mai kumbura saiwa, wadda manoman tumatir suka sani sarai, yana kuma jure ƙasar da wardin ba zai so ba.

Shawarata ga sabon shiga: ka fara da reshe, kuma ka roƙo shi daga wardin da ya shekara biyar ko goma a garinku yana fure. Wanda ya ga bazarar garin sau biyar bai mutu ba ya fi wanda ka gani a hoto.

Wane reshe zan yanka, kuma yaya tsawonsa?

Nemi reshen da furensa ya gama zuba ba da jimawa ba. Kaurinsa kamar na fensir, launinsa kore, in ka lanƙwasa shi ya ɗan yi tauri amma bai zama ice ba. Akwai gwajin da masu lambu ke yi: ka ture ƙaya ɗaya gefe da babban yatsa. In ta ɓalle tsaf, reshen ya isa. In ta lanƙwashe, ɗanye ne tukuna.

Yanka da sassafe, daga uwar da ta sha ruwa jiya. Tsawo santimita 15 zuwa 20, da gaɓa uku ko huɗu. Yankan ƙasa ya zo dab da ƙarƙashin gaɓa, domin a nan saiwa ta fi saurin fitowa. Na sama kuma ɗan nesa kaɗan da ido na ƙarshe. Cire ragowar furen, cire ganyen ƙasa duka, ka bar biyu na sama, in suna da faɗi ka rage su. Ganyen nan ne ke ciyar da reshen kafin saiwa ta fito, don haka kada ka tsige shi ƙwal. Daga hannunka sai cikin bokitin ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma, kada ya kwanta a ƙasa kana hira.

Kada kuma ka kife shi. Ido yana zaune a saman gurbin ganye, ƙayoyi kuma galibi ƙasa suke kallo. Reshen da aka soka kansa a ƙasa ba ya yin komai.

Wace irin ƙasa zan zuba a ledar?

A nan aka fi yin kuskure, kuma kuskure ne na ƙauna. Mutum ya ɗebo baƙar ƙasa ya cakuɗa da kashin kaji, wai don reshen ya ƙoshi. Reshen da ba shi da saiwa ba ya cin taki, takin ne ke cinye shi. Abin da yake so shi ne danshi da iska a gindinsa lokaci ɗaya. Yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa da aka wanke, a haɗa shi rabi da rabi da ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa ko ruɓaɓɓen ganye da ya zama ƙasa, ya isa. Ka damƙi haɗin a tafin hannu bayan ka jiƙa shi: in ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa.

Ledar fiya wata da aka yanke bakinta aka huhhuda gindinta tana aiki sosai. Yi rami da tsinke, sa rabin reshen ko kashi biyu cikin uku, danna ƙasar ta kama shi. Sannan ka yanke gindin babbar gorar ruwa ta roba ka kifa a kai, ko ka rufe duka ledojin da farar leda a kan 'yan sanduna. Ajiye a inuwa mai haske, kamar ƙarƙashin darbejiya ko gefen katanga da rana ba ta bugawa. Gorar da rana ta samu tsakar rana tukunya ce, dafa reshen za ta yi. Kullum da safe ka ɗaga murfin na 'yan mintuna iska ta shiga. Muddin kana ganin raɓa a jikin robar, kada ka ƙara ruwa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a ƙasarmu?

Littattafan Turawa za su ce maka a yi aure a Yuli, a sare kai a ƙarshen sanyi. Wannan lissafin Ingila ne, inda wardi ke barci wata da watanni. Namu ba ya barci sosai, zafi ne abokin gabarsa. Wardi ya fi walwala tsakanin digiri 15 zuwa 28, shi ya sa Jos, mai tudun kusan mita 1,200, da tsaunin Mambila suka fi ko'ina sauƙin wannan aiki.

A Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, ka cire Maris zuwa Mayu daga lissafi. Zafin da ya haura digiri 40 ba ya barin reshe ko ido. Dama biyu ce gare ka. Ta farko bayan damina ta zauna, Yuni da Yuli, iska na da laima. Agusta akwai haɗarin ruɓewa sai in ledojin na ƙarƙashin rumfa. Ta biyu daga Nuwamba zuwa Janairu, amma fa sai a rufe, don iskar hunturu tana tsotse ruwan reshe cikin yini ɗaya. A filayen arewacin Indiya, masu zafi irin namu, lokacin sanyi suke auren wardinsu, kuma ni ma na fi samun sa'ar aure a wannan lokaci.

Hodar fitar da saiwa dole ce? Na ji ana amfani da zuma ko dankali.

Ba dole ba ce, amma tana taimakawa. Sinadarin da ke cikinta ana kiransa IBA, an san aikinsa tun shekarun 1930, kuma yana kwaikwayon abin da shuka ke haɗawa da kanta ne don ta fitar da saiwa. Ga wardi, mai ƙarfin kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin ɗari ta wadatar. Zuba kaɗan a murfin kwalba, tsoma gindin reshen, kakkaɓe. In ta yi yawa ƙona gindin take. Abin da ya rage a murfin zubarwa ake, ba a mayar da shi cikin gwangwani.

Zuma ba ta fitar da saiwa. Iyakarta ta ɗan tsare yankan daga ƙwayoyin cuta, a wurinmu kuma sai ta kira tururuwa. Dankalin Turawa da ake nunawa a bidiyo ana soka masa reshe, na gwada shi don kada a ce ban gwada ba. Dankalin ya tsiro lafiya lau, wardin ya ruɓe.

Reshena ya fitar da sabon ganye, na yi murna, bayan mako biyu ya mutu. Me ya faru?

Ganyen farko ba shaida ba ne. Abincin da ke ajiye a jikin reshen ne ya turo idon, tun saiwa ba ta fito ba. Kai kuma da ka ga kore sai ka cire murfin, ko ka kai shi rana, sabon ganyen ya zuƙe ɗan ruwan da ya rage.

Yadda ya mutu zai gaya maka dalili. In baƙi ya taso daga ƙasa ya hau sama, ruɓewa ce: ruwa ya yi yawa, ko ƙasar ta yi laka, ko akwai taki. In ya yamutse ya bushe daga sama, ƙishi ne. In ka zaro shi ka ga gindin ya yi farin kumburi kamar ƙullin gari, lafiyarsa ƙalau, ciwon ne ya warke, saiwa na tafe. Mayar da shi a hankali. In kuwa ka same shi fayau an cinye cikinsa, gara ce. Ɗora ledojin a kan bulo ko tebur, kada su taɓa ƙasa.

Kuma kada ka dasa guda ɗaya ka zauna kana gadinsa. Dasa goma. Ko ƙwararru ba sa samun goma bisa goma.

Yaya zan san ya yi saiwa?

Mako huɗu zuwa takwas. In ledar fara ce za ka hango fararen saiwoyi ta gefe. In ba haka ba, ka ɗan ja reshen a hankali, in ya riƙe to ya kama. Ba kullum ake wannan gwaji ba. Daga nan sai ka riƙa buɗe murfin kaɗan-kaɗan har mako guda, sannan ka fara nuna masa ranar safe.

An kawo mini damin wardi a biki. Zan iya dasa su?

Gwada, ba asara. Sai dai furen kanti ya yi doguwar tafiya a ɗakin sanyi, galibi an tsige masa ganyen ƙasa, ya kuma sha ruwan magani. In zai yiwu ka yanka a ranar da ya zo hannunka, kada ka jira ya gama ado a kwalba. Ka kuma sani an ƙirƙiri irin waɗannan ne don rumfar leda a wuri mai sanyi, ko sun kama ba lalle su ji daɗin tsakar gida a Gusau ba.

To, yaya ake auren idon?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gindin da za ka yi aure a kansa sai ka riga ka rene shi daga reshe wata huɗu zuwa shida, har ya kai kaurin fensir. Tun lokacin dasa shi ka ƙwaƙule duk idanunsa da wuƙa ka bar biyu na sama, don kada ya dame ka da toho daga baya. Kwana uku kafin aure ka ba shi ruwa sosai, domin ɓawonsa ya saki jiki.

Kayan aiki: wuƙa mai kaifin aska ko sabuwar reza, sifirit na gogewa, da farar leda da aka yayyanka siri-siri, faɗin ɗan yatsa.

Ɗauko reshen wardin da kake so, irin wanda muka ce furensa ya gama zuba. Idanun tsakiya sun fi kyau, waɗanda suka cika amma ba su fara tohowa ba. Ɓalle ƙayoyin, yanke ganyen ka bar ɗan tsinkensa kamar santimita 1, shi ne mariƙinka.

A jikin gindin, kamar santimita 5 zuwa 10 daga ƙasa, ta ɓangaren da rana ba ta bugawa, goge wurin sannan ka tsaga ɓawon kamar harafin T: na kwance santimita 1, na tsaye kamar 2.5. Ɓawo kawai za ka tsaga, kada wuƙar ta nutse cikin icen. Ɗaga leɓɓan biyu da bayan wuƙa. In gindin ya ƙoshi za su ɗago sumul, ka ga ciki yana sheƙi.

Yanzu ka fere idon. Sa wuƙa kamar santimita 1 ƙasa da shi, ka ja ta ƙarƙashinsa da jan hannu ɗaya har ta fita sama da shi, ya fito kamar 'yar garkuwa. A bayansa akwai ɗan siririn ice. Wasu na ɓare shi, wasu na bari. In ka ɓare ka ga rami a bayan idon, zuciyarsa ta tafi, jefar ka ɗauki wani. Sabon shiga gara ya fere shi siriri ya bar icen. Kada yatsa ya taɓa fuskar yankan. Riƙe ta tsinken ganyen, zura shi cikin tsagar daga sama zuwa ƙasa, idon na kallon sama, yanke abin da ya yi saura a kan layin kwance. Naɗe da leda daga ƙasa zuwa sama, da ƙarfi, ka bar idon a waje. Da hunturu ni rufe shi nake gaba ɗaya da zagaye ɗaya na leda, in buɗe bayan mako biyu. Da damina kuma akan kifa harafin, layin kwance ya koma ƙasa, don kada ruwa ya taru a ciki.

Sirrin duka yana cikin wata 'yar shimfiɗa mai santsi tsakanin ɓawo da ice. Ita ce ke girma, ita ce ke haɗe jiki biyu, kuma minti ɗaya a iska ya isa ya busar da ita. Saboda haka ka tsaga gindin tukuna kafin ka fere idon. Kafin ka taɓa wardi mai tsada, ka ɓata yini guda kana koyon feran a kan rassan da za a zubar.

In ɓawon ya ƙi ɗagowa fa?

Kada ka tilasta shi. Ko ka ba da ruwa ka jira mako guda, ko ka canja salo: fere ɗan gurbi a jikin gindin, ɓawo da ɗan ice, ka bar ɗan leɓe a ƙasa, sannan ka fere idon daidai girman gurbin ka zaunar da shi. In idon ya fi gurbin ƙanƙanta, ka daidaita gefe ɗaya ɓawo ya haɗu da ɓawo. Wannan salon yana son a naɗe shi ruf.

Yaya zan gane auren ya kama, sannan me zan yi?

Bayan mako biyu zuwa uku ka taɓa tsinken ganyen. In ya yi rawaya ya faɗi da kansa, garkuwar kuma tana nan kore, an ɗaura aure. In ya bushe ya maƙale, garkuwar ta yi baƙi, bai yi ba, sai ka sake a ɗaya gefen. A mako na huɗu ka kwance ledar kada ta shaƙe shi.

Idon ba zai motsa ba muddin kan gindin na nan yana shanye abinci. Sare kan kamar santimita 2 sama da auren. A wuri mai zafi na fi son in karya shi rabi in kwantar, ganyensa ya ci gaba da ciyar da saiwa, sai idon ya toho in ƙarasa sarewa. Sabon tohon in ya kai tsawon tafin hannu ka tsinke kansa don ya yi rassa, ka kuma kafa masa sanda. Iskar farkon damina ta sha ɓalle mini toho daga mahaɗa, aikin wata shida ya tafi cikin dare ɗaya.

Wane gindi ake amfani da shi?

Kowace ƙasa da nata. A Ingila Laxa ne, wani dangin wardin daji. A Amurka Dr. Huey ya fi yawa, wanda aka fitar a 1920. A Florida da yammacin Ostireliya, inda ƙasa rairayi ce mai tsutsar saiwa, Fortuniana suke so. Gonakin furen kanti a Kenya da Habasha Natal Briar suka fi amfani da shi. A Indiya akwai Rosa indica da Rosa multiflora.

Ba lalle ka sami waɗannan da sunansu a wurin masu sayar da fure na bakin titi ba. Abin da za ka nema shi ne halin: wardin nan mai yaɗo, mai ƙananan furanni, wanda ba wanda ke kula da shi amma ya ƙi mutuwa, reshensa kuma na kamawa da wuri. Shi ne gindinka.

Na sayi wardi rawaya, bayan shekara biyu ya koma ja. Ya canja ne?

Bai canja ba, gindin ne ya ƙwace gida. Wani toho ya fito daga ƙasan mahaɗa, ya fi amaryar ƙarfi, ya shanye abinci har ta mutu. A Amurka tsofaffin gidaje cike suke da jan Dr. Huey da ba wanda ya shuka shi da niyya. Akan ce ganyen gindi bakwai-bakwai ne, na wardin kirki biyar-biyar, amma wannan ba ya tabbata kullum. Tona ƙasar ka ga inda tohon ya fito. In ƙasa da kumburin aure ne, fizge shi daga tushe. In ka yanke da almakashi, biyu ko uku za su fito a gurbinsa.

Zan iya haɗa launi biyu ko uku a gindi ɗaya? A kan wata bishiya fa?

Launi da yawa yana yiwuwa, ido ɗaya a kowane reshe, sai dai mai ƙarfin cikinsu yakan danne sauran in ba ka rage masa. In kuma ka rene gindin ya miƙe kamar mita 1 ka yi auren a can sama, za ka sami wardi mai siffar 'yar bishiya.

A kan wata bishiya kuwa, a'a. Wardi sai wardi. Kariya, wadda Turawa ke kira wardin hamada, ba danginsa ba ce ko kusa, ruwanta ma guba ne.

Manyan gonakin Kenya ma haka suke yi?

Sun gajarce hanya. A kewayen tafkin Naivasha, mai tudun kusan mita 1,900, inda ake noman wardin da ake kaiwa kasuwar fure ta Aalsmeer a Holan, akan haɗa aikin biyu a rana ɗaya. A ɗauko guntun reshe mai ido ɗaya da ganye ɗaya, a fere shi a karkace, a haɗa da guntun gindin da bai yi saiwa ba tukuna, a matse su, a soka a rumfa mai feshin ruwa kamar hazo. Cikin mako uku zuwa huɗu sama ta haɗe, ƙasa ta yi saiwa. Masana a Wageningen ta Holan ne suka inganta dabarar. Ba ta gida ba ce, don in feshin ya tsaya na 'yan awoyi an yi asarar duka.

Wardin Ɗa'ifa mai ƙamshin nan zai yi a wurinmu?

Shi ne Rosa damascena, wanda ake tatsar ruwan wardi da turare daga gare shi, kuma da irin ruwansa ake haɗa zamzam wajen wanke Ka'aba. Ana nomansa a tsaunukan Hada da Shafa kusa da Ɗa'ifa, da Isparta a Turkiyya, da Kazanlak a Bulgeriya, da Kashan a Iran, kuma sai an tara tan uku zuwa huɗu na fure kafin a sami kilo ɗaya na mai. Ba a cika yi masa aure ba. A Bulgeriya tsohuwar hanyarsu ita ce a kwantar da rassa a cikin dogon rami a rufe, kamar dai yadda muke dasa rake. Sau ɗaya yake fure a shekara, bayan ya sha sanyi, don haka a ƙasa mai zafi zai iya ba ka ganye ya hana ka fure. Ka kuma tuna shigo da reshe daga wata ƙasa sai da izinin hukumar killace tsirrai, a Najeriya NAQS.

Aure na ɗauko cuta?

Ƙwarai. Akwai cutar da ke zana rawayan layi ko dabbare-dabbare a ganye, ta aure take yaɗuwa, ba ta da magani. Akwai kuma wadda ke sa ƙulli mai kaushi kamar maƙoƙo a gindi, wuƙa na ɗaukarta daga shuka zuwa shuka. Uwar da ke da ɗayansu kada ka ɗebi komai a jikinta, kuma ka goge wuƙa da sifirit duk lokacin da za ka koma kan wata shukar.

Akwai doka a kan yaɗa wardi?

Akwai, ga mai sayarwa. Shuka ta farko da aka ba wa takardar mallaka a Amurka wardi ce, New Dawn, a 1931. Najeriya ma ta kafa dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro sababbin iri a 2021. Kariyar ba ta dawwama, kimanin shekara 20 ce. Tsofaffi irin su Peace, Queen Elizabeth na 1954 da Iceberg na 1958 sun daɗe da fita daga ciki.

Na gwada reshe sau uku ban dace ba, aure kuma hannuna na rawa. Akwai wata hanya?

Akwai, kuma ita ce mafi tabbas. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: nemi dogon reshe mai laushi kusa da ƙasa, kankare ɓawonsa kaɗan a ƙarƙashin wata gaɓa, lanƙwaso shi ka binne wurin a zurfin yatsa, ɗora dutse, ka bar kan a waje. Uwar na shayar da shi har ya yi saiwa. Bayan wata biyu zuwa uku ka yanke shi daga jikinta, ka ƙara masa mako biyu a wurin kafin ka tone.

Yaushe zan fitar da shi fili?

In saiwa ta cika leda, sabbin rassa kuma sun yi ƙwari. Dasa da yamma, a wurin da ke samun ranar safe da inuwar la'asar. Yanzu ne lokacin taki, ruɓaɓɓe sosai, a cakuɗe da ƙasar ramin. Mai aure ka bar mahaɗarsa yatsa biyu ko uku sama da ƙasa. Turawa binne ta suke saboda ƙanƙara, mu kuwa binnewa ruɓewa da gara take jawowa. Furen farko da ya ɗauko ka tsinke shi tun yana ƙulli, ko da ranka bai so ba, ƙarfin ya koma saiwa. In ruwan rijiyarku na da gishiri ko kanwa, tara na sama ka riƙa ba shi. Sannan ka kewaye shi da waya ko ƙaya tun ranar farko, don ƙayar jikinsa ba ta hana akuya komai.